Hayaƙin Motar Alhaji Dalhatu

Ranar Lahadi da hantsi aka tsinci gawar Malam Ummaru a gefen titin Kurfi, ƙarƙashin wani marke, kekensa kuma can gefe ya lanƙwashe. Manomi ne daga Birchi, ya fito zai kai wa maƙeri garmarsa a Dutsin-Ma. Matan da ke cirar ciyawa a gona sun ce ba su ga komai ba sai wata farar mota da ta wuce a guje tana aman baƙin hayaƙi, can kuma suka ji ƙara. Farar mota mai irin wannan hayaƙi guda ɗaya ce a ƙasar, ta Alhaji Dalhatu mai fataucin hatsi, kuma kowa ya san kwana biyun nan tana garejin Cornelius bakanike.

Kafin azahar an je garejin. Ga motar a inda take kwana, fitilar gaba a fashe, jini ya bushe a jikin bamba. Alhaji Dalhatu ya dafa ƙirji a gaban jama'a ya ce makullin motarsa ɗaya ne tak, kuma yana hannun bakanike. Aka je aka jawo Cornelius daga gida. Ya ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi tun daren jiya, ko coci bai je ba, amma ba shi da shaida sai matarsa Magdalina. Mutumin nan ya daɗe a Dutsin-Ma har yaransa ba su san wani gari ba, kuma da wuya a sami mai mota ko mai injin niƙa da bai taɓa cin arzikin hannunsa ba. Amma a yinin nan kowa ya tuna cewa baƙo ne. Da 'yan sanda ba su zo da wuri ba, da gawa biyu aka yi.

Ana dawowa daga jana'iza Saje Enoch ya sauka daga babur a ƙofar gidan Yero. Yero tsoho ne mai bin sawun dabbobin sata, irin mutanen da za su gaishe ka idonsu na kan ƙafafunka.

"Malam Yero, ni dai ban yarda shi ba ne," in ji Saje. "Amma ko da me na rantse, cewa za a yi ɗan'uwana Kirista nake karewa. Mutanen Birchi sun ce addu'ar uku kawai suke jira. In an shafa, za su zo su ƙone gareji da gida, ko da wa ke ciki."

"Ni sawun shanu na sani, Saje. Mi na sani ga mota?"

"Motar ba ita ta tuƙa kanta ba. Wanda ya tuƙa ta yana da ƙafa."

Yero ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ga hadari ya fara haɗuwa. Ya ɗauki sandarsa ya hau bayan babur.

Gindin marken bai ba shi komai ba, masu ɗaukar gawa da 'yan kallo sun tattake wurin kamar masussuka. Sai ya bar su ya yi gaba, zuwa inda titin ya yi kwana. Nan ya ga inda taya ta bar hanya ta gangara cikin yashin wata 'yar ƙorama. An yi ruwa a daren Asabar, yashin na da danshi, ya riƙe komai. Tayoyin baya sun haƙa rami biyu, wato motar ta kafe an sha fama kafin ta fita. A bayan ramukan yashi ya yi baƙi ƙirin, faɗinsa ya kai tabarma. Yero ya tsuguna ya dangwala ya shinshina, ya ji warin gas. A tsakiyar baƙin nan kuwa akwai wuri biyu da suka tsira fes, daidai inda mutum zai kafa ƙafafunsa, yatsun sun nutse cikin yashi saboda ƙarfin turi.

"Su biyu ne," ya ce wa Saje. "Ɗaya shina ciki, ɗaya shina turi, hayaƙin kuma duk a jikin mai turin ya ƙare."

Ya bi sawun mai turin ya koma baya. Siririyar ƙafa ce ba takalmi. Ta je bakin titi, ta yi nauyi kamar an ɗauki kaya, ta nufi marken. A gefen inda jama'a ba su taka ba ya ga gurbin gwiwoyi biyu, mutum ya durƙusa ya jima. A wajen ƙofar direba kuma wani ya fito da takalmi sau-ciki, ya tsaya wuri ɗaya bai matsa ko nan da can ba, kuma kewaye da sawunsa wani abu ya share yashi sama-sama. Yero ya daɗe yana kallon wannan sharar.

Yana miƙewa iska ta taso. Kafin su kai kan titi ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ƙoramar ta kawo, ta tafi da baƙin yashin da sawun da komai. Yero ya tsaya cikin ruwan yana jin haushi, don yanzu ba abin da ya rage sai bakinsa, kuma bakin tsoho ba ya tsayar da mutanen da suka yi fushi.

Washegari ya iske Cornelius a ɗakin 'yan sanda, idonsa ɗaya a kumbure, zazzaɓin ma bai sake shi ba.

"Mi ya sa motar nan ke hayaƙi haka?" Yero ya tambaye shi.

"Baba, aiki ne ban gama ba. Alhaji ya ce motar wani abokinshi ta tsere mashi a hanyar Katsina, shi ba zai yarda ba. Ya je Kano ya sayo manyan nozul. Nozul shi ne bakin da ke fesa gas cikin injin. Na sa mashi. To in ka sa babban baki, dole ka koma wajen famfon mai ka rage mashi hannu, ka daidaita shi da iskar da turbo ke hurawa. In ba ka yi ba, mai ya fi iska yawa, ba ya ƙonewa duka."

"Murhu ke nan. A cusa mashi icce a hana shi iska."

"Yauwa, Baba. Kuma ga inda hatsarin yake. In ka taka totur sai ta yi nauyi kamar ba ta son tafiya. Wanda bai sani ba sai ya ƙara takawa. Can sai turbo ya farka, ta zabura gaba ɗaya. In kwana na gabanka, ka gama. Ni da na san halinta lallaɓa ta nake yi. Na ce wa Alhaji ya bari sai Litinin, ya ce to."

"In mutum ya tsaya bayanta ana taka ta, kayan jikinshi fa?"

Cornelius ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Sai dai ya yar. Baƙin nan haɗe yake da mai, ba sabulun da ke fid da shi." Sannan ya kama hannun Yero. "Baba, Magdalina da yara suna gidan nan su kaɗai. Ka ce mata ta kwashe su ta tafi."

Yero ya tausaya masa. Ya ce zai faɗa mata.

Zarginsa na farko ya faɗa kan Julius, mai gyaran jikin mota da ke raba filin garejin da Cornelius. An ce sun yi cacar baki kwanan baya a kan wurin ajiye motoci, kuma tun Lahadi ba wanda ya gan shi. Yero ya yi ta cigiya har ya same shi a bayan gari, a gidan wata mai burkutu, ya ɓuya cikin ɗaki, kayan jikinsa baƙi ƙirin da dauɗa.

"Wallahi Baba tsoro ne ya kawo ni," in ji Julius. "Na ga abin da aka yi wa Cornelius. In sun gama da shi, ni ne na biye."

"Fiddo ƙafarka in gani."

Julius ya miƙo ƙafa. Faffaɗa ce kamar faranti, babban yatsan kuma ƙarfe ya taɓa datse shi. Yero ya girgiza kai. Baƙin kayansa ma tsohon baƙin mai ne na shekara da shekaru.

"Ƙofar garejin wa ke da makullinta?"

"Wane makulli? Waya ce muke ɗaurawa. Akuya ma ta iya buɗewa."

Rabin yini ya tafi a banza. Da la'asar Yero ya ja ƙafa zuwa gidan Alhaji Dalhatu, yana tafe zuciyarsa na ce masa ya koma. Shanunsa a gonakin Alhaji suke kiwo bayan girbi, kuma shekarar da aka yi fari, hatsin Alhaji ne ya riƙe gidansa. Mutum ba ya son ya sami laifi a hannun da ya ciyar da shi.

Alhaji ya tarbe shi a zaure da fara'a, ya sa aka kawo ruwa da goro. "Malam Yero, ashe har da kai aka sa wahala? Ai magana ta ƙare. Ni da na ba shi amana na fi kowa jin ciwo. Ka ga jiya ma walima gare mu a Kurfi, ciwon kai ya hana ni hita, ashe rabon in ji wannan mugun labari ne."

"Allah ya sawwaƙe, Alhaji."

"Amin. Amma ka bi a hankali. Sawun saniya daban, sawun taya daban. Kada tsufa ya sa ka faɗi abin da za ka zo kana jin kunya."

Da ya tashi raka shi, Yero ya sunkuyar da kai kamar mai ladabi. Alhaji gajere ne mai son babbar riga har ƙasa, kuma duk inda ya taka, bakin rigar na share ƙasa a bayansa. A ƙofar gida direbansa Labaran yana wanke a-kori-kura, sanye da wata tsohuwar jamfa. Yero ya gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba, soso ya suɓuce masa ya faɗi cikin kwata. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Amma ƙafafunsa na cikin takalmin roba, kuma suɓucewar soso ba shaida ba ce.

Da magariba Yero ya zauna gaban tuwo ya kasa ci. Matarsa Turai ta gaji da kallonsa.

"Malam, in tuwon ne bai yi ba ka faɗa, in kuwa mutanen gari ne suka ɓata maka rai, to ba ni na aike su ba."

Ya kwashe labarin ya faɗa mata. "Kayan da hayaƙin ya ɓata nike nema. Na san ko an ƙone su, ko an jefa masai."

"Walima ka ce za su?"

"Haka ya ce."

Turai ta tuntsire da dariya. "Kai dai shanu ka sani. Wanda za shi walima da ubangidanshi ai kayan Sallarshi zai sa. Talaka ya ƙone shadda? Ko da jinin mutum a jiki ba ya iyawa. Kai nan da man ja ya ɓata maka farar rigarka, ina ka kai ta?"

Yero ya ajiye lomar da ke hannunsa. "Marina," ya ce.

"To ci tuwonka."

Da sassafe ranar Talata, ranar addu'ar uku, ya fara da marinar Dutsin-Ma. Ba wanda ya kawo musu fararen kaya. Ya tsaya yana tunani, sai ya ga cewa mai ɓoye abu ba zai kai shi inda aka san shi ba. Ya tari motar haya zuwa Kurfi. Da suka wuce Birchi ya hangi mutane cike a ƙofar gidan mamacin, samari kuma sun ware gefe guda da sanduna.

A marinar Kurfi kaya na shanye a kan igiya, shuɗi bayan shuɗi. Can ƙarshe ya ga wando da 'yar shara na shadda, wani dattijon marini yana tsaye gabansu yana tsaki.

"Malam, waɗannan fa mi ya same su?"

"Bari kawai. Sun ɓata mani suna. Na tsoma, na sake tsomawa, sun ƙi sha. Mai ne a jiki, shuni kuwa ba ya kama inda mai ya zamna."

Yero ya matsa kusa. Daga gwiwa zuwa ƙasa wandon ya cika da ɗigo-ɗigon baƙi, kowane ɗigo da farin zobe kewaye da shi inda shunin ya ƙi shiga. Rinin da aka yi don ya ɓoye tabon shi ya ƙara fito da shi.

"Wa ya kawo?"

"Labaran, direban Alhaji Dalhatu. Jiya tun da duku-duku. Wai ya ɗauka ban gane shi ba, alhali kowace kasuwa shi ke kawo buhuna."

"Naɗe su ka biyo ni. Ran mutum ke hannunka."

Sun iso Dutsin-Ma bayan azahar, sun tarar mutanen Birchi sun riga su. Filin garejin ya cika, wani ƙanen mamacin yana gaba riƙe da galan na fetur. Saje Enoch da 'yan sanda biyu sun tare ƙofa, gumi na zuba. Mai unguwa yana ta ba da haƙuri ba mai jin sa. Alhaji Dalhatu ma ya zo, wai don ya ga kada a ƙone masa mota, Labaran na tsaye bayansa. A kan wani tsohon taya kuma Inno ce zaune, mahaifiyar Ummaru, tsohuwa ƙarama da ta ƙi yarda a bar ta a gida.

Yero ya kutsa tsakiya ya ɗaga sanda. "Jama'ar Birchi, kun san ni. Akwai wanda na taɓa nuna wa shanun da ba nashi ba?"

Aka yi gunaguni, amma ba wanda ya ce akwai.

"To ku ba ni ɗan lokaci. In na gama ba ku gamsu ba, ni zan ƙyasta maku ashana. Saje, a kawo bakanike."

Aka kawo Cornelius da ankwa a hannu. Ganinsa ya sa samari suka yunƙuro, sai da mai unguwa ya shiga tsakani. Yero ya sa aka kwance shi ya shiga motar. Shi kuma Yero ya warware farin rawaninsa ya rataya a sanda, ya riƙe bayan salansa.

"Tashe ta, ka taka yadda ka saba."

Injin ya tashi, hayaƙi ya fito kaɗan-kaɗan. Rawanin ya ɗan yi duhu.

"Yanzu taka ta kamar wanda ya kafe cikin yashi, hankalinshi a tashe."

Cornelius ya danna totur har ƙasa. Motar ta yi gurnani, ta yi wani irin fito, baƙin hayaƙi ya turnuƙe filin har mutane suka ja da baya suna tari. Da ya lafa, Yero ya ɗaga rawanin, ya yi ɗigo-ɗigon baƙi tun daga sama har ƙasa. Ya faɗa musu abin da ya gani a ƙorama kafin ruwa ya wanke. Sannan ya yafito marinin, ya warware wandon ya shimfiɗa kusa da rawanin.

"Na wane ne?"

"Na Labaran ne," in ji marinin. "Hannu da hannu ya ba ni."

Idanu duk suka koma kan Labaran.

"Kai ka tura, Labaran," Yero ya ce a hankali. "Amma kai direba ne. Direba ba ya barin sitiyari ya koma turi sai in wanda ke zamne ciki ya fi ƙarfinshi. Wa ke ciki?"

Alhaji Dalhatu ya yi caraf ya karɓe. "Ashe da kai aka haɗa baki, Labaran? To faɗa masu gaskiya. Bakanike ne ya ja ka gwajin mota, ko ba haka ba? Faɗi, ni zan tsaya maka." Ya dafa kafaɗarsa, yatsunsa suka nutse.

Yero ya gane dabarar. In Labaran ya ce e, an gama, shi da kansa ya ƙara wa wutar itace. "Wanda ya fito ta ƙofar direba rigarshi na share ƙasa," ya ce. "Kun taɓa ganin bakanike da babbar riga?"

"Ina sawun yake?" Alhaji ya daka masa tsawa. "Nuna mana! Tsoho ya sha hatsina ya ƙoshi, yau ni zai yi wa ƙazafi?"

Ba sawun da zai nuna, kuma jama'a sun fara duban juna. Sai Yero ya juya wajen tsohuwar. "Inno, abu ɗaya na gani da ya kamata ki sani. Ba a bar ɗanki a rana ba. Mai wandon nan ya ɗauke shi ya kai shi inuwa, ya durƙusa gabanshi ya daɗe."

Inno ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta tako a hankali, mutane na buɗa mata hanya, har ta tsaya gaban Labaran. Kanta bai wuce ƙirjinsa ba.

"Ɗan nan, da ka ɗauke shi, shina da rai?"

Labaran ya runtse ido. "Shina da rai, Inno."

"Ya yi magana?"

"Ruwa ya ce in ba shi." Hawaye suka zubo masa. "Na ce Alhaji mu sa shi mota, asibiti ba nisa. Ya ce in zo in tura kafin mutane su hito. Na ce Alhaji mutum ne fa. Ya ce in ban zo ba ni zai ce na tuƙa. Na ce wa Malam Ummaru ina zuwa, na tahi na tura. Da ta hita na ɗauka za mu tsaya." Ya faɗi kan gwiwoyinsa. "Makulli biyu ne. Ɗayan na aljihunshi yanzu haka."

Saje Enoch bai jira ba. Ya sa hannu cikin aljihun babbar rigar ya zaro makullin, ya ɗaga kowa ya gani. Filin ya ruɗe, sanduna suka tashi, mai galan ya yi kan Alhaji. Inno ce ta juya ta tsaya a tsakaninsu.

"Aje shi," ta ce wa ɗanta. "Shekaranjiya ma haka kuka tashi, kuka bar jaki kuna dukan taiki. Ku bar hukuma ta tahi da shi."

Ya ajiye galan ɗin. Aka sa Alhaji da Labaran a motar 'yan sanda, jama'a suka watse kowa na kauce wa idon Cornelius.

Washegari ƙofar gidan Alhaji Dalhatu ta cika da masu jaje, ana ta cewa ƙaddara ce, tana kan kowa. Yero ya wuce su bai tsaya ba, ya san daga bana shanunsa sai su nemi wani wurin kiwo. A gidan Cornelius kuwa ba kowa sai wata tsohuwar a-kori-kura da aka yi haya, da ƙullin kaya jibge a tsakar gida. Magdalina na ɗaure tukwane cikin zane.

"Haba Magdalina, ai gaskiya ta fito," in ji Yero.

"Ta fito, Baba, mun gode maka. Amma matar da na yi wa unguwarzoma ita ta nuna masu ƙofar nan. Gobe in wani abu ya faru, kana da tabbacin za ka sake samun wando?"

Cornelius yana zaune bakin ƙofa ya zuba wa ƙasa ido. Ana cikin haka aka yi sallama, sai ga Inno ta shigo tana dogara sanda, ƙafafunta duk laka. Daga bakin titi inda motar Birchi ta sauke ta ta tako. Ba ta nemi tabarma ba, ta zauna a kan babban ƙullin da ke tsakiya.

"Kai ne Karniliyas?"

"Ni ne, Mama."

"Tun ranar Lahadi, duk sallar da na yi sai na kira sunanka na ce Allah ya isa. Ban tsallake ko ɗaya ba. Jiya na kwana ina roƙon Allah kada ya karɓa, amma hakkinka ne, sai ka yafe da bakinka."

Cornelius ya ɗago, idonsa ya cika. "Mama, ke da aka kashe wa ɗa? Na yafe. Wallahi na yafe."

"Madalla." Ta dubi kayan, ta dubi motar da ke ƙofa. "Waɗannan fa, ina za su?"

"Gida za mu koma, Mama," in ji Magdalina.

"In kun tahi, cewa za a yi bakina ne ya kore ku, kuma gaskiya za a faɗa. Na rasa ɗa ɗaya a satin nan, ba ni iya ɗaukar wannan kuma." Ta gyara zama a kan ƙullin, ta ajiye sandarta a ƙasa. "Mai son ya loda wannan, sai ya loda da ni."

Direban a-kori-kura ya leƙo ya ce rana na yi. Ba wanda ya kula shi. Magdalina ta tsaya da igiya a hannu tana kallon tsohuwar. Sannan ta sunkuya ta kwance zanen da ta gama ɗaurewa, ta zaro tukunya ɗaya.

"Mama, tun safe kin sa wani abu a cikinki?"

"Ban sa ba."

Magdalina ta ɗauki tukunyar ta nufi murhu.